Daƙiƙa Takwas

"Ba zan sa hannu ba," in ji Kafiya. Ta sa ɗan yatsa ɗaya ta tura takardar har ta koma gaban Manaja.

Manaja bai yi fushi ba, kuma rashin fushin nan shi ya fi tayar mata da hankali. Murmushi ya yi, ya dubi Lauyan kamfani da ke zaune a gefe yana wasa da murfin biro.

"Ranki ya daɗe, ki dai karanta tukuna," ya ce. "Layi huɗu ne kacal. Ke da kika fito jami'a da sakamako mai daraja ta ɗaya, layi huɗu zai gagare ki?"

"Na karanta, Oga, sau biyu ma. Layin farko gaskiya ne. Sauran ukun ƙarya ne."

Layin farko cewa ya yi ita ce ma'aikaciyar da ta fara amincewa da wani tallan shayin ganye. Sauran ukun kuwa cewa suka yi tun daga ranar babu ma'aikacin da ya sake ganin aibu a tallan, babu wanda ya kai ƙorafi sama, kuma kamfani bai san komai ba sai da sammaci ya iso daga hukumar kare masu saye.

Lauya ya ajiye biron. "Malama, ba wanda ya ce za a kore ki. Kuskure ne, kowa yana yi, kamfani zai tsaya miki. Amma in kika ware kanki, to, kin ga mu ma ba yadda za mu yi."

"Saura kwana tara a zauna a hukuma," in ji Manaja, yana miƙewa ya buɗe mata ƙofa da kansa. "Ki je gida ki yi shawara da manya. Af, ya jikin Baba? Har yanzu ranar Talata yake zuwa asibiti?"

Ba ta taɓa gaya masa ranar asibitin Baba ba.

Ta fita kanta a sama, ta ratsa tsakanin teburan abokan aiki ba ta dubi kowa ba. Ta shiga banɗaki ta murza makulli. Ta dafa bango ta tsaya tana jin bugun zuciyarta a cikin kunnuwa.

Ba Kafiya iyayenta suka raɗa mata ba, 'yan ofis ne. Kamfanin yana da babban dandali a intanet, inda mutane ke hira, suna kallo, suna ciniki, kuma duk mai son a tallata masa kaya sai ya biya a sa masa. Kafin talla ya fita, sai ya bi ta gaban ɗaya daga cikin masu tantancewa. Su arba'in ne a hawa na uku, a ɗaki marar taga, da sanyin na'ura mai sa yatsu su sandare. Waya a akwatin ajiya ake kulle ta a waje, biro da takarda ba sa shiga. Talla ya bayyana a allon kwamfuta, kana da daƙiƙa takwas ka duba hoton, ka leƙa shafin da yake kaiwa, ka danna kore ya wuce ko ja ya tsaya. In ka haura takwas, sunanka ya hau allon bango kowa ya gani.

Ita ce ta fi kowa danna ja. Aku, maƙwabciyarta a tebur, uwar yara uku da bakinta ba ya hutawa, takan ce, "Ke dai Kafiya, ranar da aka turo hoton mijin da za ki aura, wallahi ja za ki danna masa, ki ce a kawo ƙarin bayani."

In an tashi aiki, wata 'yar na'ura a bakin ƙofa takan tofo wa kowa rasit ɗinsa: lambar duk tallan da ya ƙi a ranar, da lokacin da ya ƙi shi. Wasu cingam suke naɗewa a ciki, wasu su jefa kwandon shara tun kafin su kai bene. Kafiya ninke nata take yi ta kai gida, ta sa a jakar da take ajiye takardun makarantarta. Ba don ta hango wani abu ba. Alfahari ne kawai. Tana son ganin aikinta a rubuce.

Ranar da tallan shayin ya fara zuwa gabanta, ba ta ga komai ba. Kofi ne da tururi da ɗan ganye a gefe, an rubuta, "Shayin ganye don walwalar jiki." Shafin da yake kaiwa tsaf yake. Ta danna kore, na gaba ya shigo.

Bayan sati biyu, ranar hutu da hantsi, Baba ya kira ta daga tsakar gida.

"Uwata, zo ki ga ikon Allah. An kawo ƙarshen tsikarar allura."

Shekara goma sha ɗaya Baba yana fama da ciwon suga. Ya miƙo mata wayarsa yana washe baki. Kofin nan ne, da tururinsa da ganyensa. Amma da ta danna, ba shafin da ta gani a ofis ba ne ya buɗe. Wani mutum ne cikin farar rigar likita, yana bayani a natse cewa allura guba ce da ke cin ƙoda, duk wanda ya fara shan shayin ya ajiye ta daga ranar.

"Baba, yaushe rabonka da allura?"

"Yau kwana biyu. Na ce bari in fara sabawa kafin shayin ya iso."

Ta tashi ta ɗauko allurar daga firji. A ranar ta gane dabarar. Masu tallan sun san kwamfutocin ofis. In daga can aka danna, shafi mai tsabta ke buɗewa, in kuwa daga wayar mutanen gari ne, likitan bogi ke fitowa. Dandalin kuma ya san mai ciwon suga fiye da yadda maƙwabcinsa ya san shi, don haka har gadon barcinsa yake kai masa tallan.

Washegari ta nemo tallan da lambarsa, ta danna ja, ta rubuta bayani mai tsawo har sunanta ya hau allon bango. Kafin la'asar ya dawo yana yawo. Ta sake tsayar da shi, ya sake dawowa. Sau biyar. Dalili kuwa akwai abin da ake kira layin manya: tallan manyan abokan ciniki in an ƙi shi, teburin Manaja yake komawa, shi ke da maganar ƙarshe. Da ta same shi a ofis, sai ya ce mata, "Mu ba likitoci ba ne, Kafiya. Mu bango ne kawai. Abin da aka liƙa a bango, ruwan mai liƙawa ne."

Wata huɗu tallan ya yi yana yawo. Sai wani malamin makaranta ya ajiye allurarsa, ya suma a gaban aji, bai farka ba. Matarsa ta ɗauki wayarsa ta kai hukuma. A satin da sammaci ya iso, aka sanar a ofis cewa an yi wa na'ura gyara, kuma duk bayanan da ma'aikata suka rubuta a baya sun ɓace.

Shi ya sa ranar da ta ƙi sa hannu, tana isa gida ko takalmi ba ta cire ba ta jawo jakar takardunta daga saman durowa. Ta zazzage rasit ɗin a kan gado tana duba kwanan wata, sai gabanta ya yanke ya faɗi. Irin takardar nan ce mai santsi da zafi ke cinye wa rubutu, ɗakinta kuma rana ke dukansa tun daga azahar. A cikin biyar ɗin da take nema, biyu sun koma fari fat. Ukun da suka rage sai ta karkata su wajen haske take iya ganin lambar.

Ta fita da gudu-gudu zuwa shagon fotokwafi na bakin titi.

"Ƙara masa duhu," ta ce. "Ƙara. Har ƙarshe."

Mai shagon ya ɗago kai. "Hajiya, wannan ai takardar fatalwa ce. Gado za a raba da ita?"

Ba ta yi dariya ba. Sai a bugu na huɗu lambobin suka fito, toka-toka amma ana karantawa. Ta sa ya buga hatimin shagon da kwanan wata a bayan kowace. Ta raba su gida uku: ɗaya a jakarta, ɗaya ƙarƙashin katifar Inna, ɗaya ta bar wa mai shagon a ambulan, ta ce za ta dawo.

Kwana biyu bayan nan katinta ya ƙi buɗe ƙofar ofis. Mai gadi ya miƙo mata takardar hutun dole yana kallon ƙasa. A hanyar komawa gida wayarta ta yi ƙara, lambar a ɓoye. Ta ɗauka, ba a yi magana ba, sai numfashi. Aka kashe. Aka sake kira sau uku kafin ta sauka daga mota, duk haka.

Ranar Asabar da safe tana wanke kwanuka, Yaya ya faɗo gidan ko sallama babu. Shi ne babban wanta, mai gyaran firji, mutum mai sanyin hali da ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya dangwarar da wayarsa a kan turmin wanki.

"Mene ne wannan?"

Fuskarta ce. Farin bango a baya, mayafi ruwan toka, murmushin nan na dole. Ta san hoton. Ranar da ta fara aiki aka ɗauke shi don katin shaida, kuma ba ta taɓa sa shi a ko'ina ba, ita kanta ba ta da kwafinsa. A ƙasan hoton an rubuta: "Babbar wakiliyar shayin ganye. Duk mai ƙorafi ko neman bayani ya same ta a gida." Sai sunan layinsu, da lambar gidan, har da launin ƙofa.

Kumfar sabulu na ɗiga daga hannunta a kan wayar, ba ta ma sani ba.

"Abokan cinikina uku suka turo mini tun asuba," in ji Yaya. "Ɗaya cewa ya yi, ashe ƙanwarka ce ke kashe mutane."

Ta goge hannu a zani ta danna wurin kai ƙorafi. Amsa ta fito nan take, kalmomin da ta haddace tun satin farko na aikinta: "Mun karɓi ƙorafinki. Za mu duba cikin kwana goma sha huɗu. Lafiyarki ita ce a gabanmu."

Da azahar Aku ta zo, ta rufe rabin fuska da mayafi kamar mai zuwa satar kaza. Ta zauna a bakin gadon Kafiya, karo na farko a tarihi bakinta ya mutu.

"Ni na wuce da shi," ta ce daga ƙarshe. "Na duba rasit ɗina, lambar ba ta cikin waɗanda na ƙi. Wallahi tallahi a wurinmu hoton tukunyar furanni ne. Furanni, Kafiya! Har cewa na yi sun yi kyau."

"Na sani. Ba laifinki ba ne."

"Na tashi zan tsayar da shi jiya, na tarar yana layin manya."

Kafiya ta gane: hoton nata yana hannun Manaja ke nan.

"Aku, ki zo ranar zaman ki faɗi wannan kawai. Jimla ɗaya."

Aku ta fashe da kuka. "Ni? Da yara uku da miji mai zaman kashe wando? An ce duk wanda aka gani da ke, ya bi ki. Yanzu haka ƙarya na yi na ce haƙori zan cire. Ki yafe mini, 'yar'uwa. Ni ba irin ƙashinki Allah ya ba ni ba." Ta share hawaye da gefen mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa. "Amma dai hoton bai yi miki kyau ba. Tun a lokacin na ce ki sake."

Suka yi dariya, irin wadda ke fita da ƙyar. Tana tafiya gidan ya yi tsit.

Mai ƙorafi na farko ya zo ranar Lahadi da hantsi. Bugun ƙofar ba irin na baƙo ba ne. Inna ta riƙe hannun Kafiya da hannu biyu.

"Kada ki fita. Na haɗa ki da Allah kada ki fita."

Amma Baba ya riga ya ja silifas ya nufi ƙofa, ita kuwa ba za ta bari tsoho mai ciwo ya tsaya a madadinta ba. Ta zame hannunta ta bi shi.

Wani magidanci ne ƙaƙƙarfa, da rigar aikin gini, idanunsa jajur. A hannunsa akwai kwalin shayin. Maƙwabta sun fara leƙowa.

"Ke ce?" ya ce, yana kallon wayarsa yana kallonta. "Ke ce kuwa. Uwata tana kwance an yanke mata ƙafa ranar Laraba. Ƙafar dama. Ita ta yi ta roƙona in sayo mata wannan."

"Bawan Allah, ni ba mai sayarwa ba ce," ta ce. Muryarta ta fito siririya, ta ji haushin kanta, ta gyara murya. "Ma'aikaciyar dandalin ce ni. Na yi ƙoƙarin tsayar da tallan, shi ya sa suka yi mini wannan. Ga takardu."

"Takarda za ta mayar mata da ƙafa?"

"A'a."

"To da hannunki a ciki ko babu?"

Da ta ce babu, da wataƙila ya tafi. Ta ji Baba yana numfashi a gefenta.

"Akwai. Ni na fara wuce da shi, ban san abin da ke bayansa ba. Ranar Alhamis za a zauna a hukuma, ka zo ka ji sauran."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jefe ta da kwalin a ƙirji, ya juya. Bai kai ƙarshen layi ba ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya dawo da baya, ya tarwatsa gilashin tagar ɗakin Inna.

Ranar Litinin mutum huɗu suka zo. Ranar Talata, Baba bai je asibiti ba, don wani mai babur ya wuni a tsallaken titi, hular kwanonsa a rufe, ba ya ɗaukar kowa. Wataƙila wani yake jira, wataƙila ba komai ba ne, amma ba wanda ya iya cin abinci a gidan. Da yamma mai gidan hayar ya zo da kansa, ya zauna a tabarma ya yi ta kwana-kwana, ya ce shekara ashirin da biyu bai taɓa ganin sharrinsu ba, sai dai shi gidansa guda ɗaya ne, kuma ya ji ana maganar zuba wa gidan fetur.

Yana fita Yaya ya juyo kanta.

"Kin ji ko? Kin ji abin da taurin kanki ya jawo? Je ki sa musu hannu!"

"Yaya, ƙarya ce a takardar."

"To sai me? Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya? Mun sha wahala mun sa ki a makaranta don ki rufa mana asiri, ba don ki tona ba. Dubi Inna. Dubi ta mana!"

Ba ta iya duba ba. Tana jin Inna tana jan carbi a lungu.

A daidai lokacin wayarta ta yi ƙara. Manaja ne.

"Kafiya, na ji abin da ke faruwa, wallahi ban ji daɗi ba. Mutanen nan ba su da imani. Kin san da a ce ke tamu ce, minti biyar ya isa a sauke abin nan. Amma yanzu kina hutu, dole ki bi layi kamar kowa. Ina ofis gobe har sha biyu. Takardar tana nan."

Ta dubi Baba. Yana zaune a kujerarsa ta roba, ya rame a cikin kwana huɗu kamar wanda ya yi jinyar wata.

"Baba, me ka ce?"

"Ni ba ni da ta cewa, Uwata," ya ce a hankali. "Tsoro nake ji. Tun da nake ban taɓa jin irinsa ba. Abin da zan iya gaya miki ke nan."

Ranar Laraba ƙarfe goma ta shirya. Ta sa tabarau, ta ja mayafi har goshi, ta sa biro a jaka. Ba ta gaya wa kowa inda za ta ba, amma Yaya ya ga biron, ya yi ajiyar zuciya, ya raka ta har bakin titi. Ta shiga bas ɗin da ke bi ta gaban ofis, ta zauna a baya tana lallashin kanta. Layi uku ne kawai. Malamin ya riga ya mutu, ƙafar tsohuwa ta riga ta tafi. Ta yi iya yinta, Allah ma ya gani.

A kujerar gabanta wani dattijo ne da 'yarsa. Ya ɗaga waya kusa da idonsa yana nuna mata wani abu. Ta tsakanin kafaɗunsu Kafiya ta hango kofin, da tururin, da ɗan ganyen a gefe. Saura kwana ɗaya a zauna a hukuma, tallan yana nan yana yawo.

"Kin ga an ce kwana talatin," dattijon yake cewa. "Ni na gaji da huda ciki kullum."

Bakinta ya riga tunaninta. "Baba, don Allah kada ka ajiye allurarka. Ƙarya ce. Wannan abin kisa yake yi."

'Yar ta waiwayo. Ta dube ta, ta ƙara dubawa, idanunta suka ƙanƙance.

"Tsaya. Cire tabaran nan. Ba ke ce wakiliyarsu ba? Jama'a, ita ce ta hoton nan!"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Wani ya ce wace, wata ta ce mai shayin nan, wani daga gaba ya ce direba ya tsaya a kai ta ofishin 'yan sanda, wani ya ce wane irin ofishi, a sauke ta nan. Aka fizge mata mayafi. Bas ya rage gudu saboda cunkoso, ta ture hannun da ya riƙe jakarta, ta dira tun bai tsaya ba, ta faɗi a kan gwiwa, ta tashi ta kutsa cikin wata kasuwar kayan gini. Ta yi ta shiga lungu tana fita har ta daina jin ihu. A bayan wani shagon fenti ta tsuguna, kai ba mayafi, gwiwa na jini, haƙoranta na kaɗawa da tsakar rana.

Daga inda take tana hango saman benen ofis, tafiyar minti biyar. Ƙarfe sha ɗaya da rabi. Ta zauna tana kallonsa har sha biyu ta wuce, sannan ta sayi ɗankwali a wurin wata mai talla, ta kama hanyar gida a ƙasa.

Yaya yana bakin ƙofa. "An gama?"

"Ban je ba."

Ya shiga ya yi wa Inna sallama, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ɗakin zaman hukumar ƙarami ne, da fanka mai ƙara da kujerun ƙarfe. Matar malamin tana layin gaba, siririyar mace, ta rungume wayar mijinta a cikin leda. Manaja ya gaishe da Kafiya da fara'a kamar ba komai. Magidancin nan mai rigar gini yana tsaye a can baya.

Lauya ya miƙe. "Malama, wa ya fara amincewa da wannan talla?"

"Ni ce."

"Ki ɗaga murya."

"Ni ce. Sannan na tsayar da shi sau biyar, aka sake shi sau biyar daga teburin Manaja."

"Kina da hujja, ko dai ɓacin ran wadda aka dakatar ne?"

Ta miƙa takardun. Ya ɗaga rasit na asali sama don kowa ya gani, fari kamar ba a taɓa rubutu a kai ba, wasu suka yi 'yar dariya. Ya ce kuma ta fitar da takardun kamfani ba da izini ba.

"Kwandon shara ake zuba su, ranka ya daɗe," ta ce. "Ban san shara na buƙatar izini ba."

Shugabar zaman, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duba kwafin, ta juya bayansu ta karanta hatimin, ta rubuta lambobin uku a littafinta. Ta ce a kawo mata ma'ajiyar bayanan kamfani ta asali cikin sati ɗaya, ba wadda aka yi wa gyara ba, ko kuma hukuma ta je ta ɗauko da kanta. A nan ne murmushin Manaja ya ɗauke.

Da aka tashi, matar malamin ta tsaya a gabanta. Kafiya ta shirya jin ko mene ne.

"Da kin duba da kyau ranar farko," matar ta ce, muryarta ba hayaniya. Ta gyara ledar hannunta. "Amma kin zo." Ta wuce.

Bayanan sun fito, duka biyar ɗin. An sauke tallan shayin, an ci kamfani tara, an umarce shi ya soke layin manya. Kamfani ya ɗaukaka ƙara, har yanzu ana kai. Manaja an mayar da shi wani reshe. Masu shayin ba a kama ko ɗaya ba, kuma ba a taɓa gano wanda ya ba su hoton katin shaidarta ba.

Ita kuwa an kore ta bisa laifin fitar da sirrin aiki, kuma an rubuta haka a takardar sallamarta, don haka duk inda ta kai takardun makarantarta sai a yaba, a ce za a neme ta. Wata goma sha huɗu ke nan ba a neme ta ba. Darasi take koya wa yaran maƙwabta a tsakar gida. Sun bar gidan da aka haife ta a ciki, suna ɗaki biyu a can ƙarshen gari, inda asibitin Baba ya zama tafiyar mota biyu. Yaya ya rasa rabin abokan cinikinsa. Yana zuwa gaida iyaye duk sati, amma in ta gaishe shi, bango yake amsa wa. Hoton an sauke shi daga dandalin a rana ta goma sha huɗu cif, sai dai kafin nan dubban mutane sun adana shi a wayoyinsu, yana nan yana yawo daga hannu zuwa hannu da rubutunsa a ƙasa. Ba ta shiga bas sai da fuska a rufe. Inna kuwa, ko yaro ne ya buga ƙofa da wasa, sai ta saki abin da ke hannunta.